Malam Maharazu da Layin Farko na Kowane Gida

Da hantsin ranar Talata, 14 ga Oktoba, 2025, ina kan babur tsakanin Faskari da Ƙanƙara wayata ta dame ni da ƙara, har na gangara gefen titi na tsaya. Abubakar Sadiq ne, babban ɗan Malam Maharazu. Bai tsaya gaisuwa ba, ya ce, "Yaya Uwais, Baba ya cika." Na Allah muke, kuma gare Shi za mu koma. Malam ya rasu a gidansa da ke Ƙanƙara yana da shekara sittin da uku, bayan jinyar ciwon ƙoda ta wata biyar. An yi masa sutura bayan sallar Azahar a wannan rana. Na samu sahu na uku, kuma ban iya tsayawa kallon lokacin da ake mayar da ƙasa ba.

Ga wanda bai san shi ba, Malam Maharazu shi ne shugaban sashen adana bayanai a ofishin wata ƙungiyar agaji da ke kula da mutanen da 'yan bindiga suka kora daga ƙauyukan Sabuwa da Faskari da Ƙanƙara. Ni kuma mataimakinsa ne, shekara huɗu teburina na kallon nasa. Mutane da yawa sun yi magana a kansa a wurin zaman makoki, kuma duk abin da suka faɗa gaskiya ne. Ni abu ɗaya nake son rubutawa, domin in ban rubuta ba babu wanda zai sani, shi kuwa ba zai taɓa faɗa ba ko da ya ƙara shekara ɗari.

Malam, ka yafe mani, zan fara da tona maka asiri. Ranar da na fara aiki na same ka kana buga na'ura da yatsu biyu, tabarau ya zamo kan hanci, kana karanta kowane umarni a bayyane kafin ka danna, kamar mai biya karatu. Na ce a raina wannan ofis ya ga ta kansa. Ni ga ni da takardar digiri ko naɗewa ba ta yi ba, ina jin babu abin da ya rage mani in koya a duniya. Kai ma ka lura, shi ya sa tun ranar ka laƙaba mani Injiniya, kuma ba ka taɓa kiran sunan ba tare da ɗan murmushin nan na gefen baki ba. Sai daga baya na ji tarihinka. Shekara ashirin da 'yan kai ka yi kana rubuta rajistar haihuwa da hannu a manyan littattafai, sai da ka kusa hamsin sannan ka zauna ka koyi na'ura, ba don sha'awa ba, sai don ka ga gara ta cinye littattafai uku da ka rubuta.

Kana da wata ɗabi'a da ta riƙa ba ni haushi. Duk jerin sunayen da na fitar, komai gaggawar da ake yi, sai ka zaɓi gida biyar da ka sani da idonka, ka bi su ɗaya bayan ɗaya, ka ga ko abin da takarda ta faɗa ya yi daidai da abin da ka sani. Ni kuwa ina tsaye a kanka ina duba agogo. Kujerarka ma ba taka ba ce. Da zarar tsohuwa ta shigo da ƙorafi sai ka miƙe ka ba ta, ka koma kan bencin baƙi da na'urar a cinya. Shayinka babu sukari saboda likita ya hana, amma gwangwanin sukari bai taɓa yankewa a aljihun teburinka ba, saboda masu zuwa.

Aikinmu ba shi da wuyar fahimta. Duk gidan da aka kora akan ba shi kati mai lamba ranar da aka fara yi masa rajista. Mutanen nan ba sa zama wuri ɗaya. Yau suna makarantar firamare a Sabuwa, baɗi suna wurin dangi a Daudawa, wata shekarar sun gangaro Ƙanƙara. Duk inda aka sake yi musu rajista sai a ƙara sabon layi a rumbun bayananmu ƙarƙashin wannan lamba tasu: ga rana, ga wurin da aka rubuta su, ga garin da suka ce nasu ne. Saboda haka gida ɗaya yakan sami layi biyu, wani uku, wani har biyar.

A watan Afrilun bana aka sami sauƙi a wasu ƙauyuka bakwai na ƙasar Sabuwa, aka shirya mayar da mutanensu kafin ruwa ya sauka. Wanda sunansa ya fito a jeri za a kai shi da rakiya, a ba shi iri da kwanon rufi, dagaci kuma ya tsaya a damƙa masa gonarsa. Wanda bai fito ba, za a ba wani aron gonarsa ya noma a wannan damina, kuma kowa ya san yadda gonar aro take wuyar dawowa hannun wanda ba ya nan. Aka ce mu fitar da sunan duk gidan da asalinsa ɗaya daga cikin ƙauyukan nan ne, a kuma dogara da rajistar farko. Kai ka nace a kan haka a wurin taro, ka ce ranar da mutum ya fito da ƙura a ƙafa ita ce ranar da yake faɗin garinsu na gaskiya.

A makon ne aka tura ka Katsina ganin likita, aikin ya faɗo hannuna. Ban ɗauki rabin awa ba. Na rubuta wa na'ura cewa ta tara layukan kowace lamba wuri ɗaya, ta ba ni ranar da ta fi tsufa, ta kuma ba ni sunan gari. Ta fitar da jeri tsaf. Na ware ƙauyuka bakwai, na buga, na liƙa a bangon ofis ranar Laraba, da niyyar a miƙa wa dagatai ranar Litinin. Gida biyar ɗin nan naka ban duba ko ɗaya ba.

Da safiyar Alhamis wata mata ta zo, za ta kai shekara hamsin, da katinta a ƙulle cikin leda a bakin zane. Sunanta Rifkatu, matar marigayi Ishaya, daga Gidan Ɗanhausa, ɗaya daga cikin ƙauyukan nan bakwai. An kashe mijinta a gona shekara huɗu da suka wuce, ya bar ta da 'ya'ya huɗu. An karanta mata jerin bango sau biyu ba ta ji sunanta ba. Na duba lambarta a abin da na fitar, na ga an rubuta Pauwa, wani gari a ƙasar Ƙanƙara. Na ce mata ita mutuniyar Pauwa ce, Pauwa kuwa ba ta cikin tsarin.

Ta ce, "Malam, Pauwa zama nike yi. Gidan Ɗanhausa aka kai ni aure, can na binne mijina. Gonar tana nan bakin rafi, kowa ya san ta."

Na ce mata na'ura ba ta ƙarya, abin da aka zuba mata shi take fitarwa. Na faɗi haka ina danna waya, ko ɗaga kai ban yi sosai ba. Ta mayar da katin cikin ledarsa, ta ƙulle, ta yi mani sai an jima ta fita. Wannan abin yana cikin abubuwan da nake jin kunyarsu a rayuwata, kuma ba na jin zan daina.

Kai kuma ka shigo bayan Azahar, kai tsaye daga tasha, ƙafafunka sun kumbura har ka take bayan takalmi. Na ce ka tafi gida ka huta, an gama komai. Ka ce to, bari dai ka ga aikin Injiniya. Ba ma jerin bangon ka fara dubawa ba, sai ka ce in ba ka babban jerin, na gidaje duka. Ka bi shi da yatsa shafi bayan shafi, can sai yatsan ya tsaya.

Ka ce, "Injiniya, a watan Yunin shekara huɗu da suka wuce, wa ya kori mutanen Pauwa?"

Na ce ban sani ba.

Ka ce, "Ni ma ban sani ba, kuma a watan ina zuwa Pauwa duk mako. Ga gida goma sha ɗaya nan an ce sun gudo daga can. Mi ya kore su?"

Ka ce in buɗe lamba ɗaya daga ciki, in fito da layukanta duka. Allah da ikonSa, hannuna ya kai kan ta Rifkatu, ko don ita ce ke cina a rai. Layi uku ne. Na farko a Sabuwa aka rubuta shi, gari Gidan Ɗanhausa. Na biyu a Daudawa, bayan shekara ɗaya. Na uku a Pauwa, gari Pauwa. Abin da na fitar kuwa ya ɗauko rana daga layin farko, ya ɗauko gari daga layi na uku, ya haɗa su a layi ɗaya wanda babu wanda ya taɓa rubuta shi. Na ce wa na'ura ta ba ni ranar da ta fi tsufa, ta ba ni. Na ce ta ba ni gari, amma ban ce daga wane layi ba, ita kuwa manhajar da muke aiki da ita ba ta ƙorafi a kan irin wannan, duk wanda ya zo hannunta shi take miƙowa. Ka ce mani na ɗora kan akuya a jikin tunkiya, kuma ina mamakin da mai ita bai gane ta ba.

Na so in kare kaina. Na ce ai laifin masu rajistar Pauwa ne da suka rubuta garin da ba shi ba. A nan ne ka cire tabarau, abin da ba ka cika yi ba. Ka tambaye ni ko na taɓa bin masu rajista cikin ƙauye. Ka ce idan suka yi sallama a ƙofar gida, maigida ne ke fitowa, shi ne kuma ke amsawa a madadin kowa. Mutumin da ya sauki matar ɗan'uwansa da marayunta shekara guda, suna ci tukunya ɗaya, ba zai iya buɗe baki gaban baƙi ya ce waɗannan ba 'yan gidan nan ba ne. Cewa zai yi iyalina ne. Ita ma ba za ta ƙaryata shi daga bayan zana ba. Babu wanda ya yi ƙarya, ka ce, kara ce aka yi. Shi ya sa layin farko kaɗai za a riƙe, kuma a riƙe shi gaba ɗayansa.

Sannan ka jawo benci kusa da ni muka sake rubutawa. Yadda ka tsara shi har yau haka nake koya wa kowa. A ware layukan kowane gida daban. A jera su daga ranar da ta fi tsufa zuwa ta baya-bayan nan. A ba su lamba, ɗaya, biyu, uku. Sai a ɗauki mai lamba ɗaya kaɗai, da ranarsa da garinsa da duk abin da ke cikinsa, a bar sauran. Na ce an gama, ka ce saura. In aka rubuta gida sau biyu rana ɗaya fa, da safe a bakin tasha, da yamma a makaranta, wanne ne na farko? Muka ƙara cewa in rana ta zo ɗaya, a bi lambar shafin rajista, wadda ta riga ita ce gaba. Ni na buga, kai kana karantawa a bayyane kamar kullum, kuma ranar ban ji haushin karatun ba.

Gida arba'in da ɗaya ne suka dawo cikin jerin. Gida arba'in da ɗaya da na zubar a cikin rabin awa. Ka sa muka bi su ɗaya bayan ɗaya har La'asar ta yi sanyi, kana sauya zama saboda ƙafa. A wurin ne na gaya maka cewa Rifkatu ta zo da safe, da abin da na ce mata. Na zaci za ka yi faɗa, har na fi son ka yi. Sai kawai ka ce, "Ba ta da waya. Ranar Asabar ka tahi Pauwa da kanka." A takardar da ka rubuta wa shugabanni ka ce an sami kuskure daga sashenmu an kuma gyara, ka sa hannu. Sunana bai fito ko sau ɗaya ba.

Na je Pauwa. Na sami gidan Malam Gide, ɗan ƙanwar mahaifiyar Ishaya, wanda ya sauke su. Dattijo ne mai fara'a, ya shimfiɗa mani tabarma a zaure, ya aika aka kira ta. Da na ce mata sunanta ya fito, ta shirya ranar Laraba mota za ta zo, sai ta durƙusa tana sa mani albarka. Ta ce ashe ban manta da ita ba, ashe komawa na yi na bincika mata. Malam Gide ma ya kama, yana cewa irinmu ake so a ofis. Na karɓi albarkar nan duka na zuba a aljihu, na sha furar da aka dama mani, na hau babur na dawo. Ban ce mata ni na zubar da ita ba, ban kuma ce mata akwai wani dattijo mai kumburarrun ƙafafu da ya tsinto ta ba.

Suka koma a farkon Mayu. Kai kuma daga ƙarshen watan ba ka sake zuwa ofis ba. Duk lokacin da na zo duba ka, kafin in gama tambayar jiki ka riga ka tambaye ni ruwa. An yi ruwa a Sabuwa? An yi shuka? Ba a sake taɓa su ba? Kana kwance ka rame har agogo yana yawo a hannunka, amma sai ka ce in kawo maka jerin wata, ka zaɓi gida biyar. A zuwana na ƙarshe ka ce mani, "Injiniya, yanzu kam ka kusa zama magatakarda." Na san a bakinka babu yabon da ya fi wannan.

Kwana shida da rasuwarka, ranar Litinin, ina zaune a ofis ina kallon kujerarka, sai ga mai babur ya tsaya a ƙofa, buhu ɗaure a baya, mace na saukowa. Rifkatu ce. Tun da sassafe ta taso daga Gidan Ɗanhausa, a kan hanyar da kowa ya san halinta, ta sauya abin hawa sau uku. Sabuwar masara ce daga gonar bakin rafi. Ta ce ta farko da aka ɓare ce, ta rantse ba za a ci a gidanta ba sai ta kawo wa wanda ya mayar da ita.

Wannan karon ban iya ba. Na ba ta kujera, na zauna a benci, na gaya mata komai tun daga farko, yadda na yi kuskuren, da yadda na kore ta, da wanda ya gano, da halin da yake ciki ranar da ya gano. Ta saurara ba ta katse ni ba. Da na gama ta ce, "To, kai ni wurinshi."

Na ce mata an binne ka ranar Talata.

Sai ta ce in faɗa mata sunanka. Na faɗa, ta maimaita, ta ce in sake, ta kuma maimaitawa har ya zauna mata. Ta miƙe ta ce a ɗora buhun, gidan dai za a je.

Muka sami Hajiya Bilki, maiɗakinka, a tsakar gida cikin mata, da carbi a hannu. Rifkatu ta tuɓe takalmi tun daga zaure, ta zauna a ƙasa, ta yi gaisuwa yadda ake yi, sannan ta ba da labarin gonar da bakinta. Ta ce 'ya'yanta huɗu bana ba za su ci na roƙo ba. Hajiya ta juyo ta dube ni, ta ce, "Uwais, yaushe aka yi haka?" Na gaya mata ranar, ranar da ka dawo daga Katsina. Ta ce ta tuna. Ta yi ta jiranka da abinci tun Azahar, da ka shigo ta yi maka faɗan ka biya ofis da wannan ƙafa, kai kuwa ka ce mata ɗan wani abu ne ka tsaya dubawa. Daga nan ta ja mayafi ta rufe fuska. Rifkatu ta matsa ta riƙe mata hannu, ni kuma na fita waje, don ba wurin tsayuwata ba ne. Washegari da masarar aka yi abincin sadakar bakwai.

Ya Allah, ga bawanKa Maharazu ya zo gare Ka. Ka jiƙansa, Ka gafarta masa abin da muka sani da wanda ba mu sani ba. Ka sa ciwon da ya sha ya zama kankarar zunubi. Ka yalwata masa kabarinsa, Ka haskaka shi, Ka sanya shi a Aljannar Firdausi. Yadda ya rufa mani asiri ranar da na cancanci tonawa, ya Allah Ka rufa masa nasa.

Ina miƙa ta'aziyyata ga Hajiya Bilki, da 'ya'yansa Abubakar Sadiq da Halimatu Sa'adiya da Ummi, da ƙaninsa Alhaji Nata'ala, da dukkan dangi na Ƙanƙara da Daudawa, da abokan aikinmu. Allah Ya ba ku haƙurin rashinsa, Ya albarkaci abin da ya bari, Ya tsaya muku a inda ya saba tsayawa. Ina kuma yi wa gidajen nan arba'in da suka rage ta'aziyya, waɗanda suka girbe gonakinsu bana ba su san sun yi rashi ba. Allah Ya zaunar da ƙauyukanmu lafiya, Ya kyautata namu ƙarshen idan lokaci ya yi. Amin.